Sunan da Kakata Ta Iya Faɗa

Ranar Litinin ce ta farkon watan Oktoba, gero ya shiga rumbu, wake bai gama bushewa a gona ba, ni kuma ina cikin shekarata ta takwas, in dai lissafin tsofaffin gidanmu bai yi ƙarya ba. Da hantsi kakata Tabawa ta kama ni a wuyan hannu kamar ɗan akuyan da za a kai kasuwar Gangara, ta ja ni har rumfar zanar da aka kafa a bayan garinmu, gefen hanyar Gazawa, wadda aka ce mana ita ce lakol, wato makarantar boko. An yi mini aski ƙwal, an mulke ni da man gyaɗa har ƙuda na zamewa a goshina, an zura mini rigar aro da ta sauko har ƙauri. Gindin tsamiya an ajiye tebur, bayan tebur ga Mushe, wato malamin da gwamnati ta aiko mana, dogo siriri, mutumin bakin kogi ne can yamma, Hausarsa ta kasuwa ce. Gabansa kundi mai baƙin bango, da alƙalami, da 'yar kwalbar tawada. Mun yi layi mu goma sha wani abu, kowa da mai riƙe da shi kada ya tsere, wasu na kuka, wasu sun gama kukan sun koma jan majina.

Ku sani a wancan zamani ba a kai yaro lakol don ana son sa. Kumandan, Baturen mulki, shi ne ya aiko wa mai gari a kawo yara, mai gari kuwa ya zauna ya duba gidajen da ba za su iya ɗaga masa murya ba, gidanmu ya zo na farko. Masu ƙarfi sun ɓoye nasu cikin rumbu, wasu sun tura su ruga wajen Fulani har a gama ɗauka. Shi kansa mai gari, don kada a yi da shi, ya ba da jikansa guda, Nomau, wani ƙosasshen yaro mai haƙoran gaba irin na gafiya. Babana yana Maraɗi wajen cinikin gyaɗa, innata tana wankan jego, shi ya sa jan akuya ya faɗa kan kakata.

Da layi ya zo kanmu, Mushe ya tambayi sunana, ta ce Illa, ya rubuta. Ya tsoma alƙalami ya tambayi sunan ubana. Nan fa tsohuwa ta kau da kai ta shiga kallon tsamiya kamar ranar ta fara ganin itace. Babana ɗan farinta ne, kuma a wajenmu mace ba ta kama sunan ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa masa suna bakinta bai taɓa furta shi ba. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan", in ta ji daɗinsa ta ce "mai tafiyar nan". Mushe bai san da wannan ba, a garinsu ƙila ba haka ake ba. Ya zaci kurma ce, ya ɗaga murya. Da ya ga shiru, sai ya nemi ya sauƙaƙa mata, ya ce to ta faɗi sunan mijinta, uban uban yaro. Matan da ke layi suka tushe baki da gyale, kafaɗunsu na rawa, don wannan tambaya ta fi ta farko muni. Ya juyo kaina, na buɗe baki zan faɗa, ta matse mini wuyan hannu har na ji ƙashina ya yi magana. Yaro ba ya kiran sunan ubansa gatsau a gaban manya, balle a gaban uwar da ta haife shi. Mushe ya share gumi, ya ajiye alƙalami, ya ce, "To Iya, ku su wane ne? Gidan wa?"

Sai ta miƙe tsaye sosai, ita da ta saba tafiya a duƙe, ta dube shi ido cikin ido.

"Mu majema ne. Rubuta Majemi."

Ya rubuta. Ya busa tawada ta bushe, ya kira na baya. Masu binciken tarihi su lura da kyau, don ba zan maimaita ba: a nan aka haifi sunan gidanmu, gindin tsamiya, ba rago ba goro, ungozomarsa kuwa baƙo ne da bai san abin da ya karɓa ba.

Dole in tsaya in yi wa yaran yanzu bayani, ni da lakol ta sallama a aji uku in koyar da masu digiri. Majemi shi ne mai jima, mai mayar da ɗanyar fata abin amfani. A jiƙa fata cikin ruwan toka kwana da kwanaki har gashi ya saki, a shimfiɗa ta bisa gungume a kankare da wuƙa mai ƙota biyu, a tsoma ta cikin ruwan kashin kaji ta yi laushi, sannan a mayar da ita cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa ta sha ta ƙoshi. A shanya, a shafe da mai, a yi ta ja ana murzawa har ta yi taushi kamar kuncin jariri. Daga nan guga ke fitowa, da salkar ruwa, da buzun salla, da takalmi, da gafakar malam, da rufin layar da ke wuyan kowa. Sai dai aikin yana da wari. Ba zan yi muku ƙarya ba, wari ne mai hali, yana shiga riga, yana shiga farce, yana bin mutum masallaci. Don haka a kowane gari majema a gefe suke zama, kuma ba kowa ke ba su 'ya ba.

Tarihin zuwanmu ƙasar nan daga bakin kakata na ji shi, da la'asar, tana dakan bagaruwa ina tsince mata ƙwallayen. Jima aikin maza ne, amma tun da mijinta ya rasu ita ce ta ƙi barin ramin bayan gida ya cike. Fatar akuya guda biyu ko uku ba ta yanke mata. Ta ce ubanta majemi ne a wani gari na ƙasar Katsina, ba ta taɓa faɗa mini sunan garin ba, in ta zo kansa sai ta tofar da yawu ta wuce. Ramukansa suna kusa da ƙofar gari tun kakanni. Aka yi sabon hakimi ya gina gida inda iska ke kai warin, sai aka aiko masa ya matsa gaba. Ya matsa, ya haƙa sabbin ramuka. Shekara ta zagayo, kasuwa ta faɗaɗa, aka sake aikowa ya matsa gaba. Ya matsa. Karo na uku manzo ya zo ya tsaya daga nesa, ya ja wuyan riga ya rufe hanci, ya faɗi saƙon, a ƙafarsa kuwa takalmin fatar da tsohon ya jeme da hannunsa. Tsoho ya dubi takalmin ya ce to. Gari na wayewa ya labta wa jakuna biyu tukwane da wuƙaƙe, ya sa matarsa gaba, ya ɗora kakata tana 'yar shekara shida bisa ƙunshin fatu, ɗan ƙanensa, wanda daga baya ya aure ta, yana kora jakunan. Duk wanda ya tambaye shi ina zuwa, amsarsa guda ce: "An ce in matsa gaba."

Haka suka yi ta matsawa arewa. Lokacin ne Turawa ke yanka ƙasa tsakaninsu, su ba su ma sani ba, sun kwana na Ingilishi sun tashi na Faransa, jakuna ba su ji wani bambanci ba. Da suka iso wata fadama mai yawan bagaruwa, tsoho ya sauke kaya ya ce ya gaji da matsawa. Rijiyoyin garin nan masu zurfi ne, gugunansu duk sun ruɓe, don haka aka tarbe shi da fura, aka ba shi fili. A ina? A gefen gari mana, inda iska ke fita. Ana son guga, ba a son zama kusa da mai yin ta. Na san cikin danginmu akwai masu cewa asalinmu wani ɗan sarki ne da ya rasa sarauta ya yi fushi ya fito. Ni dai duk gidan da na shiga daga Agye har Cadakori jikokin ɗan sarkin da ya rasa sarauta nake tararwa, har na rasa wanda ya yi wa sarakunan nan noma. Mu namu kakan fushin ya yi, amma ba rawani ya rasa ba, rami ya rasa.

To babana, Hamidu, Allah Ya jiƙansa, sai yanzu da ya daɗe a ƙasa nake iya rubuta sunan nan, shi rayuwarsa duka gudun ramin nan ce. Tun yana saurayi ya ajiye wuƙar jima ya bi masu awon gyaɗa. Ya toshe ƙofar gidanmu da ke kallon majema ya buɗe wata ta fuskar gari. Kullum da 'yar kwalbar turare a aljihu, hannuwansa kuwa ya wanke su da lemon tsami har fatarsu ta yi fari. Shekara ashirin yana lallaɓa mutane su riƙa ce masa Hamidu mai gyaɗa, kuma ya kusa cin nasara: a masallaci ya taso daga sahun takalma ya kai sahu na biyu, mai gari ya fara miƙa masa hannu maimakon ɗaga masa kai. Ba na yi masa dariya. Shi ya san abin da ya haɗiye yana yaro. Aikin shekara ashirin ɗin nan ne tsohuwa ta rushe da kalma biyu, yana can Maraɗi yana auna gyaɗa.

Ni kuwa na fara biyan bashin bakinta tun washegari. Kowace safiya Mushe zai buɗe kundi ya yi kiran suna, in ya zo kan "Illa Majemi" sai aji ya ɗauki tari, kowa ya sa yatsu biyu a hanci. A kan gungumen giginya muke zama mu biyar biyar. Nawa gungumen ni kaɗai ne a tsakiya, sauran huɗun sun cure a baki kamar kaji sun ga shaho. Nomau shi ne limaminsu. In an fita hutu ana langa, ba wanda zai ɗauke ni a ɓangarensa. In ana kokawa, wanda na kayar sai ya tashi ya tafi yana wanke jiki da ƙasa, ya ce ba ƙarfi ya kayar da shi ba, wari ne. Randar ruwan lakol moɗa guda gare ta, in na sha sai an ɗauraye ta sau uku. Kalmarsu kuwa, ko a aji ko a hanya ko bakin rijiya in na je ɗebo wa innata ruwan wanka, ita ce, "Majemi, matsa gaba." Ba su san labarin uban kakata ba, wallahi ba su sani ba, bakinsu ne kawai ya faɗa kan tsohon miki. Na yi faɗa har rigar aro ta zama tsumma. In na dawo gida in kora awaki fadama, in kwaso harawa, in je kalar gyaɗa a gonakin da aka gama cira, duk ina shinshina damtsena ko zan ji abin da suke ji. Na daina zama wajen dakan bagaruwa. Kakata ta lura, in na wuce sai ta ce, "Maigida ya yi girma, ya daina zuwa ɗakin amarya," don tsakanin jika da kaka wasan miji da mata ake yi.

Bayan mako uku babana ya dawo. Bai ko huta ba, da safe yana alwala ya ji yara a ƙofar gida, ƙofar nan tasa ta fuskar gari, suna kira, "Majemi, fito mu tafi lakol!" Butar ta faɗi daga hannunsa. Da aka warware masa yadda aka yi, ya zauna bisa turmi. Ga shi ba ya iya yi wa uwarsa faɗa, ita kuma ba ta yi masa magana kai tsaye, kunyar ɗan fari ta hana. Saboda haka aka yi rigimar ta bakina. Suna zaune taku uku tsakaninsu, ni a tsakiya kamar tafintan kumandan. Ya ce in gaya wa kakata a garin nan akwai Hamidu har uku, da ta nuna ɗan ɗayansu ta ce mai sunan uban wancan, kamar yadda kowace mace ke yi. Na juya na faɗa mata abin da ta riga ta ji. Ta ce in gaya wa wancan ta tsufa, dabara ta ƙare mata. Ya ce in gaya mata abin da ya shiga takardar Bature ba ya fita, za a yi ta kiran jikokinsa da shi har tashin duniya. Ta ce in gaya wa wancan Allah Ya sa. Ya ce in gaya mata mutane sun fara mantawa. Nan ta ajiye taɓarya.

"Gaya wa wancan, bisa buzun da ubansa ya jeme aka haife shi. Ranar nan ban ji ya ce yana wari ba."

Wannan ban juya na faɗa ba, shi ma bai jira ba. Ya ɗauki zakara ya nufi gidan Mushe. Ya dawo da labarin cewa ranar Asabar za a aika kofin kundin zuwa buro, wato ofishin kumandan, kafin nan ana iya soke suna a sa wani, amma sai wadda ta ba da sunan ta zo, da yaron, don kada gobe a ce malami ya yi gaban kansa. Aka sa ranar Alhamis. Ni murna kamar an ce gobe salla. Kwana biyu ina bayan awaki ina gwada sabon suna a bakina, Illa Hamidu, Illa Hamidu, har da ƙamewa irin ta soja. Ranar Laraba da la'asar kakata ta kira ni in riƙe mata bakin fata za ta ja. Na zo ina kau da hanci. Ba ta roƙe ni komai ba. Muna ja, ta ce, "Maigida, an ce gobe za ka sake ni." Na ce ba ni ba ne, Baba ne. Ta yi dariya da haƙoranta uku, ta ƙara jan fatar har na kusa faɗawa kanta, sannan ta ce, "Ubana ya matsa sau biyu kafin ya gane. In ka matsa, su ma matsowa suke yi."

Alhamis da hantsi, lokacin hutu, muka taru cikin rumfa: Mushe da kundinsa, babana cikin farar riga yana ƙamshi, kakata zaune a ƙasa ta ba mu baya, ni tsaye. Yara an kore su waje, amma zana ce, kowace kafa da ido a cikinta. Mushe ya riga ya koyi darasinsa, bai tambayi tsohuwa komai ba, ya gaishe ta kawai. Babana ya faɗi sunansa da bakinsa, a hankali, kamar mai roƙon gafara. Mushe ya tsoma alƙalami, ya ɗora ma'auni bisa layin sunana zai ja ya soke shi, sai halin malanta ya motsa masa. Ya ce in harɗe hannu a ƙirji in faɗi cikakken sunana da ƙarfi, yadda zan riƙa amsawa daga gobe. Na harɗe hannu. Na cika ƙirji. Illa ya riga ya fita, saura Hamidu yana kan harshena, sai na ji muryar Nomau ta kafar zana, ƙasa ƙasa, yana gaya wa na kusa da shi: "Ga shi nan, an kawo shi wanki." Suka ƙyalƙyale.

A nan na ga gobe ƙarara kamar a tafin hannuna. Ba wanda zai ce mini Illa Hamidu. Za su ce Majemi da aka wanke, Majemi da ya gudu, kuma zan zauna ni kaɗai a tsakiyar gungumen nan dai, ga wari ga gudu. Kada ku ce hikima ce, ɗan shekara takwas ina ya ga hikima. Taurin kai ne na gado, ya taso mini tun daga ƙafa.

"Illa Majemi, Mushe."

Ya ce in sake. Na sake, har da ƙarin murya don na bayan zana. Alƙalami ya tsaya a sama, tawada ta ɗiga bisa tebur. Mushe ya dubi babana, don magana tasa ce, uba ne, da ya ce a soke an soke. Amma kafin ya ce a soke, dole sai ya faɗi dalili, a gaban malami baƙo, a gaban idanun yaran gari, a gaban bayan uwarsa. Wato dole ya ce sana'ar ubansa abin kunya ce, ita tana ji. Babana ya dubi bayan tsohuwar, ƙashin kafaɗunta biyu sun turo zane, ba ta ko motsa ba. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa takalmansa, ya yi wa Mushe sallama, ya fita. Zakara dai ya riga ya shiga tukunya, ba a mayar ba.

Bai doke ni ba, da ma ya doke ni. A gidanmu ragowar tuwon akushin maigida ta ɗan da ya fi so ce, kuma tun da na yi haƙori tawa ce. Daga ranar nan akushi ya koma wajen ƙanena, bai sake dawowa ba. Ya daina aikena kasuwa, ya daina ɗora ni bayan jaki in za shi Gazawa. Da na gama aji uku, Mushe na cewa kaina yana ja, ya zo ya cire ni ya haɗa ni da jakunan gyaɗa, ya ce karatun ya isa, tun da na riga na iya faɗin sunana. Shi ya sa kuka ga rubutuna yana ɗingishi. Gori kuwa bai ƙare ranar Alhamis ɗin ba, sai dai ya rage daɗi a bakin masu yi, don duk wanda ya ce Majemi sai in ce na'am da ƙarfi, in matso kusa da shi in zauna har cinyarmu ta haɗu. Nomau ya gaji kafin ni. Mun tsufa tare, shi ne ma ya karɓa wa babban ɗana aure, amma har ya mutu in na shiga zaurensa sai ya taɓa hanci, ni kuma sai in tambaye shi lafiyar haƙora.

Sauran labarin babana in faɗa, tun da na yi niyyar faɗin gaskiya. Shekaru da yawa bayan rasuwar kakata, ya tara guzurin Makka, ana neman takardar shaida. Ni ne mai karatun gidan, aji uku ba wasa ba, don haka ni na kai shi buro. Ƙafa ta riga ta yi masa nauyi, na zaunar da shi a inuwa na shiga. Magatakarda ya tambayi sunansa na faɗa, ya tambayi na biyu. Ina sane da sunan kakana sarai, kuma ni ba wata kunya da ta ɗaure mini baki. Na ce ya rubuta Majemi. A ko'ina suna daga uba yake gangarowa kan ɗa. A gidanmu hawa ya yi daga ɗa zuwa uba. Da na fito ya karɓi takardar yana juya ta, don bai iya boko ba, ya ce in karanta masa. Na karanta, ina shirin mari ina da 'ya'ya huɗu. Bai mare ni ba. Ya ninke takardar biyu, ya sa a aljihun da turare ke zama, ya ce, "Tsohuwar nan ba a taɓa kayar da ita a gardama ba." Da sunan ya je ɗakin Allah, da shi ya dawo.

Daga takardata sunan ya bi 'ya'yana, daga su ya bi nasu, ya ci gaba da abin da ya iya, wato tafiya. Akwai Majemi a wani buro a Yamai, yana sa hannu jandarma na ƙame masa. Akwai Majemi direban babbar mota hanyar Agadas. Guda ya ƙetara kudu yana sayar da kayan babur a Katsina, ya mayar da sunan inda aka kore shi, ba wanda ya ce masa ya matsa. Akwai kuma jikata mai aikin jinya can wata ƙasar Turawa da ake kira Ailan, inda ta ce ruwan sama ba ya ɗaukewa. Ta ce mutanen can su ma yunwa ta taɓa watsa su duniya a jiragen ruwa, kowa ya tafi da sunan gidansu, yanzu jikoki na dawowa suna buɗe tsofaffin kundaye suna neman inda sunan ya samo tushe. Abokan aikinta suka tambaye ta ma'anar nata. Ta ce musu tana jin sunan wani gari ne. Sannan ta bugo mini waya tana dariya, wai Kaka, a ina garin Majemi yake?

Ramin bayan gidanmu ya cike tun tuni, an yi ɗakin siminti a kansa. Guga ta koma ta roba, daga baya ta koma yankakkiyar jarka, fatun layya kuwa mota ke zuwa ta kwashe su ɗanyu. Bagaruwar fadama tana zubar da 'ya'yanta awaki na ci. Matan yanzu suna kiran ɗan fari da sunansa a waya, kan titi, har da sunan miji in ta kama, ba wadda za ta tsaya kallon tsamiya. Wani ɗana ya taɓa ce mini ai yanzu sunan ya yi tsabta, ba mai jin komai in an faɗe shi, yana zaton albishir yake yi mini. Ni da na ba da akushin ubana da sauran karatuna don in riƙe abin nan da warinsa. Na ce wa jikata ta nemo takarda ta zauna, na faɗa mata toka da kashin kaji da bagaruwa, ban rage ko ɗaya ba, na ce ta je ta gaya wa Turawan haka, in sun yamutsa fuska ta matsa kusa da su. Wani lokaci da la'asar nakan zauna jikin ɗakin simintin nan in ja numfashi ko ƙasa za ta tuna, ba na jin komai sai hayaƙin babur. Masu gorin nan na dā, aƙalla sun san ko su wa suke zagi.